Kafen Aparanti

Gimbiya na tankaɗe a tsakar gida, sai ga babanta Namadi, direban motar siminti a Malbaza, ya faɗo yana huci.

— Barira! Ki gaya ma ɗiyarki zancen Mati ya mutu. Yau tsakiyar tasha anka ɗauke shi, yana ta sambatu, yawu na zuba. Ni in ba ɗan ƙwaya ɗiya? Allah kiyaye!

Mati aparantinsa ne, maraya, tun da aka kore shi daga lakwal, makarantar boko, yake bin motar. Shi Gimbiya ke so, har an kai goro.

Rariya ta suɓuce mata. Ta durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe.

— Baba, ka gafarce ni. Wa ya fara ba shi?

— Ke, rufe mana baki! in ji uwarta Barira.

Ina! Yarinya ta riga ta ɓalle.

— Ni kake aike wurin mai tebur in sawo jajayen ƙwayoyin nan. Ni nike niƙe su cikin kafe, gahawar da aparanti ke sha, don su yi lodi ba gajiya. Da hannuna na ba shi, Baba!

— Wannan ai maganin aiki ne, kowa na…

Namadi ya zauna bisa turmi, ya cire hula.

Washegari da kansa ya kai Mati likita, daga nan ya wuce da shi ƙauyen Bazaga gun ƙanensa manomi, baffan Gimbiya. Wayyo, Mati ya sha wuya! Jiki na rawa, barci ya ƙi, abinci ba ya shiga. Ƙawaye suka sa Gimbiya gaba da dariya, wai tana jiran mahaukaci. Ita dai takan aika masa ƙuli-ƙuli da gaisuwa ta hannun masu amalanke.

Da aka yanke gero Mati ya dawo, ya yi ƙiba, ido fes, Namadi da kansa ya sa rana. Ranar ɗaurin aure ya durƙusa zai yi godiya, Namadi ya riƙe kafaɗarsa.

— Tashi, ɗana. Ni za ni roƙon gafara. Matarka za mu yi ma godiya, ni da kai.

Jama'a, kafin mu kira yaro ɗan ƙwaya, mu tambayi hannun da ya fara miƙa masa. Haƙurin Gimbiya da gaskiyarta sun ceci mutum biyu. Tun daga ranar, kafen motar Namadi sukari kaɗai ake sa masa, kuma in aparanti ya gaji, sai a faka a yi barci.