Tambayar da Ba a Yi wa Matan Indiya Ba

Ranar da Wada ya fara ganin Safara'u, tana tsugune a ƙofar gidansu a Riruwai tana juya waina a tanda, hayaƙi ya cika mata ido. Saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, haƙar kuza na tashe, gari cike da baƙi. Ya jingine kekensa, ya yi sallama, sai ya tsaya kamar ya manta abin da ya kawo shi.

"Malam, waina ko kallo?" in ji ta. "Kallon ma ba kyauta ba ne."

Shi Wada ɗan Kiru ne, ya yi makarantar Midil a Kano. Wani Bature malamin jami'a ne ya ɗauke shi aiki. Baturen nan ba kuza yake nema ba, ba haraji ba, ra'ayin mutane yake tarawa. Wai tambayoyi iri ɗaya ake yi a ƙasashe da yawa, a kai can makarantarsu a jera, a ga inda tunanin mutane ya haɗu da inda ya rabu. Maza kam Wada ya tambaya har ya gaji. Matan aure kuwa ba sa fitowa wajen baƙo, sai dai zawarawa. To, Safara'u bazawara ce, aurenta na fari bai yi ƙarko ba, ta dawo gaban mahaifinta, Malam Mudi.

Yaron nan ya durƙusa ya ce wa Malam Mudi, "Baba, izini nake nema in yi magana da Safara'u." A garin nan wannan magana abu ɗaya take nufi. Aka shimfiɗa tabarma a zaure bayan la'asar.

Kada a ci alhakinsa, ya yi mata bayanin aikinsa. Amma da Hausar 'yan makaranta ya yi, ita kuma takardar da yake ta dubawa take kallo. A ranta ta ce, Allah sarki, kunya ta sa ya rubuto zancensa.

"'Ya'ya nawa kike so?"

Ta ja gyale ta rufe baki. "Tun yau? Abin da Allah ya bayar."

"Birni kika fi so ko ƙauye?"

"Inda ake ganin mutuncina."

"Wane hali kika fi so ga miji?"

"Wanda in na yi magana a ɗaki, ba zan tsince ta a kasuwa ba." Abin da ya kashe aurenta na fari ke nan.

"Kina jin daɗin rayuwarki? Sosai, tsaka-tsaki, ko a'a?"

Tunda uwarta ta haife ta ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Ta daɗe tana jan zaren tabarma. "Tsaka-tsaki," ta ce a hankali. "Kai fa, Malam Tambayau?"

"An hana ni faɗin nawa."

Aikin zama ɗaya ne fa. Amma yau ya ce ya tsallake layi, gobe ya ce ruwa ya jiƙa takarda. Tana ajiye masa waina mai ɓawo, yana ce mata Sarauniyar Tanda. Wainar da ya ci a gidan nan ba wanda ya ce ya biya, amma ba wanda ya manta.

Akwai Hamman, shugaban wasu masu haƙar kuza, wanda ya daɗe yana aiko mata da turare. Ta sa aka mayar masa da kayansa. Abin ya ci masa rai. Da ya dawo daga kasuwar Burumburum sai ya tsaya a gaban tanda, mutane cike.

"Safara'u, 'ya'ya nawa kika ce masa? Bazawarar Burumburum shida ta ce. Ta Dangora ma ya tambaye ta. An ce har matan Indiya da na Masar an yi musu!"

Aka kwashe da dariya. Waina ta ƙone a tanda ba ta sani ba.

Da la'asar ba ta shimfiɗa tabarma ba. A tsaye ta tare Wada.

"Gaskiya ne? Abin da ka tambaye ni ka tambayi wasu?"

"Gaskiya ne. Aikin ke nan, ai na faɗa miki. Amma Sarauniya…"

"Kar ka ƙara kirana haka. Na buɗe maka cikina kaf, kai ko amsa ɗaya ba ka ba ni ba. Na kori mai sona saboda kai, gari ya yi min dariya. Ina bin ka, Wada, kuma ni ba na yafe bashi."

Ya juya zai ɗauki kekensa. Mai tambaya ne, bai iya amsa ba.

Malam Mudi ya kira shi gefe, ransa a ɓace. "Ka zauna min a zaure kana kwasar maganar 'yata za ka kai wa Nasara. Karanto min abin da ta ce."

"Baba, ka gafarce ni. Na yi mata alkawari ba mai ji, ko Baturen ma ba da sunanta zai gani ba."

"Ni ubanta?"

"Ko kai, Baba."

"To, kada in sake ganin kekenka a ƙofata."

Goggo Dije, yayar Malam Mudi, tana bayan zana tana tsince shinkafa, ba abin da ya wuce ta.

Washegari Wada ya bi Baturensa Tudun Wada. Aka ce daga nan sai wata ƙasar, wai har da shi za a tafi. Safara'u ta rame, wainarta ta daina tashi.

Goggo Dije dillaliya ce, tana cin kasuwanni. Ran nan ta dawo daga Tudun Wada ta zauna kusa da ita. "Wani ya ba ni saƙo, har sai da ya sa na maimaita. Ya ce: 'Ki ce wa Sarauniya tambayoyin na Bature ne, amma dawowar tawa ce. Ruwa bai taɓa jiƙa takardar nan ba.'"

Safara'u ta goge ido. "Ki ce masa: 'Wanda ake bi bashi ba ya aike. In zai zo, ya bar takarda a gida.'"

Daga nan Goggo ta faɗa wa ƙanenta. "Kai Mudi, ni na goya ka, yau za ka biya ni. Mijinta na fari me ya yi mata? Ba yawo da maganarta ba? Ga yaro ka tsare shi, kai da kake ubanta, ya ƙi faɗa maka kalma ɗaya. Irin wannan kake kora?" Malam Mudi ya yi ta shafa gemu, bai ce a'a ba.

Ranar Juma'a sai ga keke. Ba jaka, ba alƙalami. Wannan karon ita ta fara.

"Zauna. 'Ya'ya nawa kake so?"

"Masu kama da ke, ko nawa ne."

"Birni ko ƙauye?"

"Na ce wa Bature ya nemi wani. Zan koyar a elemantare a Kiru, in za ki iya Kiru."

"Kana jin daɗin rayuwarka?"

"Tun da na bar zauren nan, a'a."

Ta sunkuyar da kai, murmushi na ƙwace mata. "Ka rage bashi. Saura."

"Saura tambaya ɗaya. Ba ta cikin takarda, ba a yi wa matan Indiya ba, ba kuma zan yi wa kowa ba bayan ke. Safara'u, za ki aure ni?"

"Sosai, tsaka-tsaki, ko a'a?" ta ce, hawaye na zuba tana dariya. "Sosai, Tambayau. Turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Mutanen Kiru suka zo da goro, Malam Mudi da bakinsa ya sa albarka, Hamman ma ya aiko da buhun shinkafa, aka karɓa aka ce ya wanke kansa.

Da amarya ta kwana biyu a ɗakinta, suna karya kumallo, sai ta ajiye ludayi.

"Maigida, takardar nan tawa ta ƙetare teku?"

"Tuni. Tana can cikin na dubban mutane, malamai na nazari."

"To, ka aika wa Baturen ya gyara. Inda na ce tsaka-tsaki, kada su koya wa ɗalibai abin da ba shi ne ba."

Allah ya bar su tare, ya ba su masu kama da ita, ya sa a gama lafiya.