Kar Ka Saki Akwatin

"Corliss! Fito nan na ce!"

Kafin ta ɗago kai ƙofar garejin ta daki bango. Yayanta ne Lemuel, da kayan aikinsa na tuƙin janwe mai jan matattun motoci, dusar ƙanƙara a kafaɗa, idanun nan jajir. Ta san wannan idon. Tun rasuwar mahaifiyarsu in ya yi irin wannan ja, to sai wani abu ya fashe.

Saurayinta Anselm, mai garejin, yana zaune a gaban tebur, yana naɗa wayar tagulla wadda ta fi gashin kai siranta a jikin ɗan kwarkwaron roba. Ko juyowa bai yi ba.

"Ɗan jira ni, Lem... in na saki yanzu sai na koma farko."

Kai ma dai Anselm, mutum ya shigo maka yana huci kana ce masa ya jira waya!

"A ƙasa na tarar da Baba!" Lemuel ya daka mata tsawa. "A ƙasa, goshinsa na jini! Ke kuma kina nan kina kallon wannan yana wasa da zare!"

Barci ta bar mahaifin nasu yana yi a kujera. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai sake furta kalma ba, ita da Lemuel ke karɓa-karɓar jinyarsa, yau kuwa ranarta ce.

"Saboda shi na zo, Lem, don Allah ka saurare ni..."

Kuma gaskiya ta faɗa. Abu ɗaya Baba yake nuna musu da hannunsa mai lafiya: faifan garmahon da Mama ta yi waƙa a ciki tare da mawaƙan cocinsu, guda ɗaya tak ya rage. Allurar garmahon nasa irin mai siririyar murya ce, sai ta bi ta cikin ɗan taransifoma ya ɗaga ta kafin lasifika ta ji. Taransifoman nasa kuwa ya mutu tun shekarar da ruwa ya cika musu ɗakin ƙasa. Shi ne Anselm ya ce zai naɗa wani da hannunsa. Guda biyu ake bukata, na lasifikar dama da na hagu. Ya gama ɗaya, na biyun ne a hannunsa.

"Saboda shi?" Lemuel ya yi wata dariya mai ban tsoro. "Kina tsammani ban ji zancen Seattle ba? Ya samu aiki a can garin, zai aure ki ya tafi da ke! Ya miƙa wa tsoho akwatin kiɗa, ya ɗauke 'yarsa, ni a bar ni da wankin kashi ni kaɗai a nan Buffalo!"

Sai yanzu Anselm ya juyo. "Ba haka ba ne, ɗan'uwa..."

"Ni ba ɗan'uwanka ba ne!"

Naushin farko a baki ya same shi. Kujera ta kife, wayar ta tsinke, kwarkwaron ya gangara ƙarƙashin tebur. Anselm ya miƙe yana tofar da jini, ya kai nasa naushin, amma ina! Mai naɗa waya da mai ɗaure mota da sarƙa ba ɗaya ba ne. Lemuel ya cakumi wuyansa ya haɗa shi da kanta, kwalabe da kusoshi suka zubo musu a ka. Corliss ta rataye a bayan yayanta tana ihu tana yaƙushi, ya watsar da ita gefe, gwiwar hannunta ta daki siminti.

Daga nan ne ya hango taransifoman da aka gama, a cikin ɗan akwatinsa na ƙarfe. Ya ɗauki babbar sifana.

"Lem, a'a! Muryar Mama ce!"

Anselm bai tsaya tunani ba, ya kifa hannunsa na dama a kan akwatin.

Ƙas!

Ƙarar da ta ji ba ta ƙarfe ba ce. Anselm ya durƙushe yana riƙe da hannun, yatsu uku sun karkace, ko kuka ya kasa. Lemuel ya dubi sifanar, ya dubi jinin, ya yar da ita ya fita da gudu.

A asibiti aka tambayi Anselm abin da ya faru, ya ce ƙofar gareji ce ta faɗo masa.

"Me ya sa ka rufa masa asiri?" ta tambaye shi tana kuka. "Ka bari in kira 'yan sanda!"

"In suka tafi da shi wa zai riƙa ɗaga Baba zuwa banɗaki? Ke?" Ya yi murmushi da kumburarren leɓe. "Share hawayenki, zuciyata. Ina da aikin da zan ba ki."

Ita ta naɗa na biyun. Da safe ta yi wa Baba wanka, maƙwabciya ta zauna da shi, ita ta wuce gareji. Anselm na gefenta da hannu a naɗe, yana cewa, "Sassauta... kar ki ja... bar shi ya kwanta kusa da ɗan'uwansa." Wayar ta tsinke mata har ta gaji da tsaki. Ran nan ta jefar da kwarkwaron ta fashe da kuka.

"Na tsani Lem, Anselm! Wallahi na tsane shi! Amma in na bi ka, na kashe shi da tsohon nan gaba ɗaya..."

"Ɗauko ki sake, masoyiya. Mu gama wannan tukuna."

A gida ba ta kula Lemuel, shi ma ba ya iya haɗa ido da ita. Sai dai ta ji shi a ɗakin Baba yana canza masa zanen gado yana masa hira shi kaɗai, abin ya riƙa cin ta a rai.

Ranar Lahadi bayan coci suka kawo akwatin. Sun zaɓi lokacin ne don Lemuel yana wurin aiki. Corliss ta jona wayoyi a gurguje, Anselm na nuna mata da haɓa. Baba na kujerarsa, idonsa a kan faifan. Ta ɗora allura, ta murɗa sauti.

Sai ƙugi! Wani irin ƙugi mai kauri kamar na tsohon firij ya cika falon, muryar Mama can ƙasa kamar daga rijiya.

Anselm ya dafe kai. "Wayar ƙasa... Wayyo, Corliss, mun bar ta a gareji!"

'Yar siririyar wayar nan da ke haɗa jikin akwatin da jikin na'urar sauti ta kashe ƙugi, ita suka manta. Fuskar Baba ta yamutse, ya fara buga hannun kujera yana wani irin gurnani.

A daidai nan ƙofa ta buɗe.

"Kai! A gidanmu?" Lemuel ya yi kukan kura. "Ku dubi yadda kuka gigita shi!"

Ya bangaje Anselm, karyayyen hannun ya daki bango, ihunsa ya tashi. Corliss ta sha gabansa, ta ɗauke shi da mari, ta ƙara masa wani.

"Ni za ka daka yau! Ni na naɗa shi! Karya nawa hannun!"

Ya hankaɗe ta ta faɗa kan tebur, leɓenta ya fashe. Ya kai hannu ya damƙi akwatin zai fizge, ɗaya hannun ya dafa jikin na'urar sauti don ya ji daɗin ja.

Ɗif! Ƙugin ya ɗauke.

Muryar Mama ta fito tar, kamar tana tsaye a bakin kicin. Har ɗan numfashin da take ja kafin ta ɗaga murya ana ji.

Lemuel ya firgita ya ɗage hannu. Ƙugin ya dawo.

"Kar..."

Duk suka juya. Baba ne. Bakinsa a karkace, yawu na zuba, yana kokawa da harshensa.

"Kar... ka... saki."

"Mayar da hannunka, Lem," Anselm ya ce daga ƙasa. "Jikinka ne ya zama wayar. Ka riƙe duka biyun."

Ya mayar. Muryar ta dawo.

Haka ƙaton nan ya tsaya a sunkuye, hannu ɗaya a kan akwatin, ɗaya a kan na'ura, uwarsa na waƙa. Ba shi da hannun share hawaye, sai suka riƙa ɗiga a kan takalminsa. Corliss ta rarrafa ta kifa kai a cinyar Baba, tana kuka kamar ranta zai fita, tsohon yana shafa kanta yana bin waƙar da leɓe. Tausayin yayanta ya kama ta, ga haushinsa bai tafi ba.

Da faifan ya ƙare ma Lemuel bai saki ba.

"Anselm," ya ce, kansa a ƙasa. "Yatsun... za su dawo?"

"Biyu za su dawo. Na ukun likita bai yi alkawari ba."

Lemuel ya ɗago kai ya dube shi. "Ka yafe min... Na ji tsoro ne. Tsoron a bar ni ni kaɗai."

"Da ka tambaye ni, da na gaya maka. Gidan da na nema a can mai ɗaki ne a ƙasa, babu matakala, saboda kujerar Baba. Kuma can ma motoci suna mutuwa a hanya, kai ma ba za ka rasa aiki ba."

Corliss ta ɗago da sauri. "Ba ka taɓa gaya min ba!"

"So na yi Baba ya ji muryar Mama tukuna, sannan in nemi aurenki a gabansa."

Ta dubi mahaifinta. Tsohon ya kamo hannunta, ya miƙa shi wajen Anselm da kyar. Sannan ya nuna faifan da yatsa.

"Sa...ke."

Lemuel ya ja majina. "To, ɗayanku ya ruga ya ɗauko wayar nan, bayana ya ƙage."

Corliss ta miƙe, ta goge jinin leɓenta, ta ɗaga allurar ta mayar da ita farkon faifan.

"Ba yanzu ba," ta ce. "Riƙe dai."