Waƙar Ƙarshe ta Malam Sabitu

Bayan la'asar aka kira Sufeto Abdulrazak zuwa wani gida a unguwar Rusaifa da ke Makka. Tsoho ne kwance a kan katifa, an danne masa fuska da matashin kai. Kofin shayi biyu a gefe, wayarsa babu.

Sufeto, jikan alhazan Kano ne haifaffen Makka, ya ɗaga hannun gawar. Yatsun duk a karkace.

"Tsohon rauni ne," in ji Rahmatu, 'yar mamacin, tana kuka. "Baba Sabitu mai tsara waƙoƙi ne. Ya yi wa gwamnatin soja waƙa can ƙasarmu, suka tsare shi shekara shida, suka farfasa masa yatsu da guduma don kada ya ƙara taɓa gurmi. Wani na jikinsa ne ya kai shi."

"Wa ke shigowa nan?"

"Baba Yusha'u kaɗai, makaɗinsa. Tare suka gudo."

Washegari Sufeto ya sami Yusha'u a unguwar Shisha.

"Ya ammi, kawu, ina kake jiya da azahar?"

"Ina Arfa wurin aiki, wallahi."

Sufeto ya ajiye masa hoto daga kyamarar baƙala, wato kantin da ke ƙasan gidan mamacin. Ga Yusha'u yana fitowa ƙarfe biyu, wayar mamacin a hannunsa.

"Gyara zan kai masa," in ji Yusha'u.

"Tayyib, na ji. Me ya sa ka goge waƙar da ke ciki? Marigayin ya riga ya tura wa 'yarsa."

Sufeto ya kunna waƙar da Rahmatu ta ba shi. Muryar tsoho ta fito a dishe, tana lissafa waɗanda suka mutu a kurkuku ɗaya bayan ɗaya. Har ta ƙare babu sunan Yusha'u, bai faɗi wanda ya kai shi ba.

Yusha'u ya zame ƙasa.

"Ya ce mini zai faɗi komai. Ni na ba sojoji kaset ɗinsa. Jiya ya ce tun a kurkuku ya sani. Shekara talatin ina cin abincinsa, shi yana kallona. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi."

"Ya yi ƙoƙarin kare kansa?"

"Ya yi. Yatsun ne ba sa iya riƙo."

Sufeto ya sa masa ankwa da kansa. A bakin mota Yusha'u ya hango Rahmatu, ya kira sunanta. Ta juya masa baya.