Gadar da Farouk Ya Kora

"Tafi ka yi, Farouk? Tafi?!"

Rekiya ta riƙe murfin motar da hannu biyu, don tana tsoron idan ta sake shi wuyan mutumin da ke zaune ciki za ta kama.

"Sau ɗaya ne fa, zuciyata..."

"Kar ka zuciyata ni! Babana ya ɗora bindiga a kafaɗa, ya saita gada, kai kuma ka tafa hannu kamar kana gidan biki!"

Umar Farouk ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa na hawan dutse, waɗanda jar ƙasar Yangoji ta rina. Kamara na rataye a wuyansa har yanzu. Ganinta ya ƙara wa Rekiya haushi.

Ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, kuma duk Asabar ta Allah sai ya hau duwatsun Abuja da abokansa yana ɗaukar hoton tsuntsaye. Ita kuwa 'yar maharbi ce. Ko da ta yi karatu ta samu aiki a Sheda, daji a wurinta bai wuce wurin itace da maciji ba. Amma don shi ta riƙa hawan dutse tana haki, tana murmushi, tana cewa kai, tsuntsun nan ya yi kyau. Ita ta yi nata. Shi abu ɗaya aka nema a wurinsa.

A gidan mahaifinta, Baba Kure, duk mai neman 'ya sai ya bi tsohon zuwa farauta sau ɗaya. Ba a ce ya yi harbi ba. Ya saɓo abin da aka kashe a kafaɗa kawai, ya shigo da shi gari a idon jama'a, sai kowa ya san an karɓe shi. Mazajen yayyenta duk sun yi. Yau kuwa maƙwabta na tsaye a ƙofar gida suka ga Baba ya dawo ba ko ɓera, baƙon na biye da shi sumui-sumui.

"Ka saurare ni," ta rage murya. "Za ka je ka ce tsando ne ya sauka a hannunka, ka kai masa duka."

"Babu wani tsando, Rekiya."

"Na sani! Ni ma ai ban ce akwai ba!"

"Please, ki fahimce ni. Ba zan fara zama ɗansa da ƙarya ba."

"To gaskiyarka ta fi ni ke nan?"

Hawaye suka cika mata ido, na takaici zalla. Wanne ya fi, namijin da zai yi ƙarya don ya same ki, ko wanda zai yarda ya rasa ki don kada ya yi ta? Ta auna, ta sake aunawa, ta ga duka biyun ba su yi mata ba.

Da suka koma gidan, Baba Kure na zaune a gindin mangwaro yana goge tsohuwar harba-rugarsa da tsumma. Farouk ya cire takalma ya durƙusa. Kafin ya buɗe baki Rekiya ta riga shi.

"Baba, wai ashe tsando ne ya..."

"Ba tsando ba ne, Baba," in ji Farouk a hankali. "Da gangan na yi."

Rekiya ta runtse ido. Innalillahi! Shi ke nan.

Tsohon bai ɗago ba. "Don me?"

"Gadar ta ɗago kai ta kalle mu, Baba. Tana da kyau... zuciyata ta kasa."

"Kyau!" Baba ya ajiye tsumman. Ya juya ga 'yarsa da Hausarsa ta Yangoji. "Kin ji oga naki? Wai nama yana da kyau!"

Ya miƙa hannu bayan kujera ya jawo wani dami, ya watsa a gaban Farouk. Karan wake ne, an gwaguye ganyen tas, sai tsirara.

"Ka ɗauki hoton wannan. Shi ma kyau ne? Tun da wake ya fara fure take shiga mini gona, ita da 'yan'uwanta. Abin da uwar yarinyar nan za ta dafa ke nan, shi ne kuma irin baɗi. Kana tsammani don daɗi nake bin daji da wannan gwiwa?"

Farouk ya ɗauki kara ɗaya yana juyawa. Fuskarsa ta canza.

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba."

"Da ka sani, ba za ka tafa ba?"

Rekiya ta zuba masa ido tana roƙonsa ba da baki ba. Ka ce eh. Don Allah, sau ɗaya a rayuwarka, ka ce eh!

"Ina jin... da na tafa duk da haka. Amma da na fi jin kunya."

"Farouk!" ta fashe da kuka. "Wai kai wane irin mutum ne? Ku biyun nan kashe ni za ku yi! Wannan bindiga, wannan kamara, ni kuma ina tsakiya kamar ba mutum ba!"

Baba ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya jingine bindigar da itacen.

"To. Tunda ka cece ta, ta zama naka. Ni na ajiye harbi a wannan gona. Daga yanzu har a yi roron wake, duk ranar da ba ka aiki, kai ne mai gadi, safe da yamma. Tafi ka iya, sai ka yi ta yi. Ranar girbi ka saɓo buhun farko ka shigo da shi gari, mutane su gani. Sannan ka turo manyanka."

"Idan kuma ta cinye waken, Baba?"

"Sai ka auri gadar."

Dariya ta kufce wa Rekiya a tsakiyar kuka, ta toshe baki da mayafi. Farouk ya yi ta godiya har goshinsa na neman taɓa ƙasa.

Ta raka shi mota. Sai da ya tayar da injin ta sunkuyo ta taga, idanunta jajir.

"Ka ji ni da kyau, masoyina. Idan ka tsaya kallon kyan gadar nan har ta ci ganye ɗaya, ni da kaina zan ɗauki bindigar nan."

"Ke? Kin iya harbi?"

"Na fi Baba saiti."

Ya saki baki yana kallonta.

"Ba ka taɓa tambaya ba," ta ce, tana share hawaye. "Je ka. Asabar da sassafe, kuma ka zo da hula, rana ake yi a gonar."