Murjanin Alhaji Munzali

Daga makaranta na wuce kai tsaye ranar. Na tsaya yi wa 'yan ajin ƙarshe bitar kimiyyar sinadarai har la'asar ta yi sanyi, sannan na tari napep zuwa gidan ƙanwata Sadiya, can bayan gari a kan hanyar Kongolam. A jakata akwai kayan gwajin ruwa, da sabon kwalin alli da na manta ban ajiye a ofis ba.

Mijinta, Alhaji Munzali, ɗan kasuwa ne a bakin iyaka. Irin mutanen nan ne da in suka ga abu a waya yau, gobe sai ka tarar da shi a falonsu. Da haka ya kawo mana teku Daura. A unguwar da mata ke dakon 'yan garuwa tun da sassafe, shi ya girke akwatin gilashi mai tsawon gado, ya cika shi da ruwan gishiri, ya zuba kifaye masu launi da duwatsun da aka ce daga Bahar Maliya aka ciro su. A kan duwatsun akwai murjani. Mu wanda muka sani na ratayawa a wuya ne. Wannan kuwa rai gare shi, yana gina wa kansa ƙashi da sinadarin kalsiyam da yake zuƙa daga ruwa, irin wanda ke cikin haƙori da ɓawon ƙwai da alli. In sinadarin ya yi ƙasa, sai murjanin ya koɗe ya mutu.

Da nasa ya fara koɗewa, ni ya nema. Na gwada ruwan, na ga kalsiyam ya sauka. Na yi masa bayani a tsanake. Farin garin kalsiyam da ya sayo, a narkar da shi cikin ruwa mai tsabta. Zai ɗau zafi da kansa, haka halinsa yake, don haka a bari ya huce sarai. A zuba kaɗan da safe, kusa da inda famfo ke juya ruwa, washegari a sake gwadawa kafin a ƙara. Yana ta latsa waya yana cewa to, to.

Wannan karon ba don kifinsa na je ba. Cikin Sadiya ya tsufa, kuma muryarta a waya ba ta yi min ba.

A tsakar gida na fara ganin abin da ban gane ba. Ƙwan kaji ne a bakin akurki, ba ɓawo, sai 'yar fata mai rawa kamar balam-balam. A falo kuma fentin bangon da ke bayan akwatin ya zube, siminti ya yi ramuka kamar an kankare shi da cokali. Ƙarni ya cika ɗakin, ƙarnin da turaren wuta ya kasa rufewa.

Sadiya tana kwance a doguwar kujera dab da gilashin. Zafin bazara ya sa ta dawo nan da kwana, don nan kaɗai Alhaji ya yarda na'urar sanyi ta kwana a kunne. Saboda kifi.

"Yaya, dubi," ta ce, ta buɗe baki. Haƙorinta na gefe ya rabe biyu. "Tuwo nake ci fa. Tuwon shinkafa."

Faratanta sun yi laushi kamar takarda. Ta miƙo min robar ƙwayoyin ƙarin ƙashi da aka ba ta a asibiti. Na buɗe. Ƙwayoyin suna nan da siffarsu, amma da na taɓa ɗaya sai ta burme. Ba komai a ciki.

"Yaron yana motsi?"

"Yana yi. Amma a da naushi yake yi. Yanzu kamar ruwa ne ke juyawa."

Alhaji ya shigo yana baza babbar riga. "A'a, Malama Zubaida ta iso. Yaya, maganinku na boko dai bai yi ba. Na kusa ƙarar da garin bokiti guda, abin sai ƙara fari yake."

Na ciro kayan gwajin daga jaka. Na ɗebi ruwan a 'yar kwalba, na barbaɗa garin gwaji, ya koma ruwan hoda. Ƙa'idar ita ce a riƙa ɗiga magani har launin ya juya shuɗi, yawan ɗigon shi ne yawan kalsiyam. Ruwa mai lafiya sai hannu ya gaji kafin ya juya.

Ɗigon farko ya juya shi.

Na wanke kwalbar na sake. Haka. Ko ruwan sama ya fi wannan kalsiyam.

"Bokiti guda, Alhaji? Nuna min yadda kake zubawa."

Da murnarsa ya ɗauko jug. Ya kamfaci garin da gwangwani ya antaya, ya juya da ludayi. Jug ɗin ya fara tururi. Kafin in buɗe baki ya ɗaga murfin akwatin ya tuttule shi a kan babban dutsen tsakiya, daidai wani rami mai duhu da ke gindinsa. Ruwan ya turnuƙe da fari.

"Kin gani? Baƙi sun fi son wannan. Kullum in an taru kafin sallah nake yi musu."

Daga masallacin unguwa aka fara kiran magariba.

"Ruwan zafi," na ce, "da magariba, a cikin rami. Ko bismillah ba ka yi ba."

Ya tuntsire da dariya. "Ke da kika yi jami'a? Wannan ai zancen kakanni ne."

"Takardar da ke jikin bokitin ma ta ce a bari ya huce. Ita ba kakarka ba ce."

"To ai ba ruwan zafi ba ne, Yaya. Kin ga an ɗora shi a wuta? Ruwan zafi shi ne wanda wuta ta dafa." Ya dubi matarsa don ta yaba hikimar. Ita ta rufe ido. Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci.

Na tsaya ina kallon akwatin. A ƙa'ida farin nan yakan ɗau lokaci kafin ya kwanta. Wannan bai kwanta ba. Ja aka yi. Ya tattaru kamar zare, ya shige ramin, ruwan ya koma garau.

Sai famfon ya tsaya.

Na'urar sanyi ma ta yi shiru. Gidan da Alhaji ke alfahari sola ba ta taɓa yanke masa ba. Fitilar akwatin ce kaɗai ta rage, shuɗiya, ita ma ban san me ke riƙe da ita ba. Kifayen duk sun taru a lungu ɗaya, sun juya wa dutsen baya.

Na ji ƙara. Ƙurus. Ƙurus.

Na san ƙarar. Duk malamar da ta taɓa kama yarinya tana cin alli a bayan aji ta san ta.

"Yaya," Sadiya ta ce a hankali, "kullum haka yake yi. Na ɗauka famfo ne."

"Tashi mu fita."

Ta yunƙura, ƙafafunta suka lanƙwashe. Ba faɗuwa ta yi ƙasa ba. Gefe ta tafi, kamar an ja ta da igiya, har cikinta ya manne da gilashin.

Na kama kafaɗarta na ja. Ko gezau.

Ƙarnin ya ƙaru. A ƙarƙashinsa akwai wani wari, na fatar da ta ƙone.

Wani abu fari ya leƙo daga ramin.

Hannu ne. Ɗan ƙarami, kamar na jariri. Ba nama a jikinsa, an jera shi gaɓa-gaɓa da farin murjani. Yatsu uku sun kammala. Sauran biyun guntaye ne, ba a gama gina su ba.

Ya dafa gilashin daga ciki, daidai cibiyar Sadiya.

Haƙorana suka ɗauki tsami gaba ɗaya.

Muryar ba daga ruwan ta fito ba. A cikin muƙamuƙina na ji ta. Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, ba fushi a ciki. Raini ne zalla, irin na wadda ta gaji da magana da wawaye.

"An ciro mu da ɗakinmu, ban ce komai ba. An sa mana fitila ana kallo, ban ce komai ba."

Ƙurus.

"Kullum sai mai gidan nan ya ƙona min ɗa. Fata ta warke. Ƙashin ne ya narke."

Na buɗe baki in karanta Ayatul Kursiyyu. Harshena ya yi nauyi, da ƙyar kalmomin ke fita.

"Na gwada na kaji, bai isa ba. Na gwada na bango. Na cikin matar nan sabo ne. Kuma ɗansa ne."

Sadiya ta yi wani ɗan nishi. A ƙarƙashin rigarta na ga cikin ya motsa, ya karkata wajen gilashin.

Yatsa na huɗu ya fara tsawo a idona.

Ban yi wani tunani mai zurfi ba. Ƙarar taunar ce ta tuna min. Na zura hannu a jaka, na yage kwalin allin, na ɗaga murfin akwatin.

"Bismillah," na ce. "Ga shi. Mai sanyi ne."

Na juye shi duka a bakin ramin.

Taunar ta tsaya.

Sandunan allin suka nutse a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Hannun ya saki gilashin.

Sadiya ta zube a jikina. Na rungumo ta ta ƙarƙashin hammata na fara ja da baya, ina karatu, ina tuntuɓe da kafet. A bayanmu taunar ta tashi da sauri, kamar akuya ta samu masara. Na san yawan allin da ke cikin kwali. Na san ba zai daɗe ba.

Muna bakin ƙofar falo taunar ta fara raguwa.

Muna tsakar gida ta tsaya.

Wani abu ya fashe a bakina. Na tofar da rabin turmin haƙorina a kan siminti, ban tsaya dubawa ba. Na ja ta har waje, na zaunar da ita a dakalin maƙwabta.

A nan Alhaji ya same mu, yana dawowa da carbi a hannu.

"Lafiya kuka fito min da iyali titi?"

"Asibiti za mu. Kada ka shiga falon nan."

"Me kika yi wa kifina?"

"Alli na zuba."

"Alli?" Fuskarsa ta canza. Matarsa na zaune a ƙasa ba ta iya miƙewa, ko kallonta bai yi ba. "Allin makarantar gwamnati a ruwan Bahar Maliya? Kin san wahalar da na sha kafin ruwan nan ya daidaita?"

"Alhaji, akwai mai shi a cikin dutsen nan. Ka bari a kira malamai."

"Hassada dai," ya ce, yana naɗe hannun rigarsa na dama har kafaɗa. "Bari in tsamo shi kafin ya ɓata min ruwa."

Na faɗa masa sau biyu. A aji ma iyakar abin da nake yi ke nan. Ya shige.

Ba mu ji ihu ba. Ruwa muka ji ya fantsama, sai taunar ta dawo, a hankali wannan karon, kamar mai cin abin da ya daɗe yana jira. Sai famfon ya tashi, fitilun gidan suka kama.

Maƙwabta ne suka fito da shi. Ba rauni a jikinsa, ko ƙwarzane. Amma hannun daman, daga yatsu zuwa gwiwa, yana lilo kamar safa da aka cika da kunu.

An kai shi Katsina, an kai shi Kano. Hoton asibiti ya nuna nama da jijiya lafiya lau, ƙashi ne babu. Likitoci suka ba abin wani dogon suna. Shi kuwa ya ce dangin matarsa ne suka yi masa baki.

Sadiya a gidana ta ƙarasa watanninta. Ta haifi namiji, aka sa masa Yazid. Ranar da aka miƙo min shi, sai da na bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ina matsawa, har ungozoma ta tambaye ni ko lafiya. Ƙashinsa ƙalau.

Na ɗauka Alhaji zai fasa akwatin, ko ya sa a mayar da dutsen inda aka ciro shi. Na yi masa zaton hankalin da ba shi da shi. Murjanin ya yi kyan da bai taɓa yi ba, ya yi ja, ya yi rassa. Direbansa ya kawo min ruwan a gora na gwada, na ɗiga magani har hannuna ya gaji kafin ya juya shuɗi. Alhaji ya ce ai dama ya san hanyarsa ce daidai. Har yau yana tara baƙi kafin magariba yana nuna musu, da hannun hagu.

Makon jiya Yazid ya fitar da haƙorin farko. Washegari direban ya zo da gora da saƙo: murjani ya fara koɗewa, in duba ruwan, kuma Alhaji ya ce zaman ya isa haka, Sadiya ta dawo da yaro ɗakinta, an gyara musu falo.

Na gwada ruwan a gabansa. Ɗigon farko ya juya shi.

Sadiya ta ɗauki ɗanta ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ni kuma na ɗauko kwalin alli guda na ba direban.

"Ka ce ina gaishe shi. Ka ce ya yi bismillah ya zuba wannan, ɗan matar da ke cikin dutsen girma yake yi."

"In ya ƙi fa, Malama?"

"Yana da sauran hannu ɗaya."