Yoyon Rani

Wata bakwai ba a ga ko yayyafi ba, amma wata Hajiya ta kira ni gidanta, ta ce rufin ɗakinta na yoyo. Na je na tarar da kwano a tsakar ɗakin, ruwa na ɗiga daga kankare. Yadda maigidana a sana'ar gyaran rufi ya koya mini, na dangwala da yatsa na ɗora a harshe, don in gane ko na tanki ne ko na bututu. Yauƙi gare shi, ga ɗumi, ga wari kamar na ruɓaɓɓen haƙori. Na tofar.

"Hajiya, yanzu rufin nan gasa ƙafa yake. Sai rana ta faɗi zan hau."

Bayan magariba na dafa kwalta na hau. Ba tanki a sama, ba bututu, sai kashin tantabaru da wata doguwar tsaga. Na bi ta da fitila ina tsiyaya kwaltar.

A ƙarshen tsagar wani tsoho na tsugune, kansa a sunkuye. Tafasasshiyar kwalta ta malale masa yatsun ƙafa, ko motsi bai yi ba.

"Baba, ta ina ka hau?"

Ya ɗago. Leɓensa na ƙasa ya zazzago har ƙirji, miyau mai kauri na dalala yana shigewa cikin tsagar.

"Kar ka toshe mini, ɗana," ya ce. "Kai da ka ɗanɗana ɗazu, ya ka ji shi?"