'Yar Wata Uku Ta Ƙi Sa Hannu

Ƙarfe tara na safiyar Litinin Manajan wani kamfanin fansho ya kira ofishin 'yan sanda. Fayil ɗin tsofaffin ma'aikata arba'in ya ɓace daga kabad, ga masu binciken kuɗi za su zo ranar Laraba. Ya ƙara da cewa sun ma san ɓarauniyar.

Wannan ƙarin ne ya sa Sufeto ya tafi da kansa, Kofur na biye da shi. Shekara ashirin da biyu a bakin aiki sun koya masa ƙin yarda da ɓarawon da aka gano tun kafin a nema.

Ya iske ta a teburinta, a wani lungu tsakanin na'urar buga takardu da ƙofar bayi. Kamfanin samar da ma'aikata ne ya turo ta riƙon ƙwarya, don sakatariya ta tafi haihuwa. 'Yan ofis ba su wahalar da kansu da sunanta ba, 'Yar Wata Uku suke ce mata. A gabanta ga wata wasiƙa, ga biro.

Sufeto ya karanta. Wasiƙar na cewa ta amsa laifin ɓatar da fayil, za ta bar aiki salin-alin. Ya tambaye ta me ya hana ta sa hannu.

"Yallaɓai, idan na sa hannu babu kamfanin da zai sake ɗaukata, kuma ni ke ciyar da mahaifiyata. Manaja ya ce in sa ko ya kira 'yan sanda. Ni na miƙa masa wayar."

Sufeto ya danne murmushi ya wuce ofishin Manaja. Mutumin ya ce shi da yarinyar suka mayar da fayil ɗin kabad ranar Juma'a da rana, ya kulle, kuma makullin bai taɓa barin aljihunsa ba. Sufeto ya duba kabad, babu ko ƙwarzane.

"To ta ina ta buɗe?"

Manaja ya ce yaran yanzu ba abin da ba su iya ba.

Dattijuwar da ke share ofishin ce ta warware wannan. Ta ce makullin a aljihun teburin Manaja yake kwana, kowa ya sani har ƙadangarun bango, kuma ranar Juma'a tun ƙarfe ɗaya ya fice bai dawo ba. Da aka maimaita masa, Manaja ya hau gyaran wuyan riga. Ƙarya dai ya yi, amma Sufeto ya ga ƙaryar malalaci ce, ba ta ɓarawo ba.

Saura Akanta, mutum mai sanyin murya. Ya ce shi ya rubuta wasiƙar da safen nan don tausayi, kada yarinya ta kwana a sel, ai kamar ƙanwa ya ɗauke ta.

Sufeto ya koma lungun ya gaya mata abin da Akanta ya ce. Ta miƙe ta danna maɓallan na'urar da ke gefenta. Ita ke sa mata tawada, ita ke zare takarda idan ta maƙale, don haka ta san na'urar tana ajiye jerin duk abin da aka buga, da wanda ya turo, da lokacin.

Wasiƙar ta fito daga kwamfutar Akanta ranar Alhamis, ƙarfe huɗu da minti goma.

Nan ta ƙara masa wani abu. Ranar Larabar da ta wuce tana jera takardun ta ga shaidar mutuwar mutum uku, alhali sunayensu na cikin waɗanda ake biya duk wata. Ta nuna wa Akanta, ya ce kuskure ne, ta ji da abin da ya kawo ta.

Sufeto ya sa aka kira Akanta gaban kowa.

"Yaushe fayil ya ɓace?"

"Juma'a, yallaɓai."

"Ta yaya ka tausaya mata tun ranar Alhamis?"

Kofur ya karɓi makullin motar Akanta, ya dawo da fayil ɗin daga ƙarƙashin tayar ajiya, an yage rabin takardun. Sai Akanta ya amsa laifinsa: shekara biyu yana karkatar da fanshon matattun uku zuwa asusun surukinsa. Ya ce ya ɗauka mai wata uku ba za ta tsaya rigima ba. Da ankwa ta hau hannunsa ya juya gare ta, ya ce ƙanwata ki yafe mini.

"Ba ni da yaya a nan," ta ce. "Sai mun haɗu a kotu."

Kofur ya tasa ƙeyarsa zuwa mota. Manaja ya share gumi, ya ce komai ya wuce, ta yi sauri ta haɗa wa Sufeto shayi.

"Babu shayi a takardar aikina, ranka ya daɗe. Tsofaffi talatin da bakwai zan kira su sake kawo takardunsu kafin Laraba, in ba haka ba wannan watan ba su da fansho."

Sufeto na fita ya ji ta a waya tana cewa, "Baba, ina kwana? Daga kamfanin fansho ne. Kwantar da hankalinka, ka samo biro."